Amsa kan ƙara faɗin dandamalin murhun falo da sa mishi karo

Wa alaikumus salam ɗan uwa. Na karanta tambayarka kuma na fahimce ta kamar haka: gidan da ka saya a unguwar Ali Ɗan Tsoho a Maradi akwai wurin hura wuta a bangon falo mai bututun hayaƙi, irin wanda Turawa ke yi, yayanka da ke Faransa ya aiko maka akwatin wuta na ƙarfe mai ƙofar gilashi wanda ake turawa cikin ramin, don Hajiya tsohuwa ta riƙa jin ɗumi lokacin ɗari, to da kunka gwada sai bakin akwatin ya fito waje wajen santi 15, dandamalin da ke gaba kuma santi 30 ne kawai, kana son ka ƙara shi ka sa karo, wato tayil na daɓe, kana tambaya wane karo kuma yaya ake aikin.

Karo shi ne abu na ƙarshe da za ka yi tunani a kai, duk da na san shi ne ya fi ɗauke maka hankali don shi ido ke gani. Karo ba ya tare zafi. Yana tare garwashi in ya faɗo, yana sa shara ta yi sauƙi, amma zafin da ya sauka a kanshi yana wucewa ƙasa ne kai tsaye, saboda haka abin da ke ƙarƙashin karon shi ke da aikin, kuma in aiki ya lalace kusan kullum daga can ƙasa ne ya faro.

Mu fara da awo. Tsohon dandamalin ka manta da lissafinshi, don wanda ya gina shi ya auna ne daga bakin ramin bango, kai kuma yanzu wutarka ta matso gaba da santi 15, kenan abin da ya rage maka a gaban ƙofa santi 15 ne, wanda ko tafin hannu biyu bai kai ba. Daga gilashin ƙofar ake aunawa. Ƙasashen da ke aiki da irin wanga abu kowa da ƙa'idarshi. A Amurka ƙaramin murhun bango suna neman inci 16 a gaba, wajen santi 40 kenan, da inci 8 a kowane gefe, babba kuma inci 20 a gaba da 12 a gefe. A Ingila in ana buɗe ƙofar wuta na ci santi 30 ne a gaba, 15 a gefe. Faransa inda naka ya fito suna da takardar ƙa'ida da suke kira DTU 24.2 don irin waɗannan akwatuna, da DTU 24.1 don bututun hayaƙi, amma duk suna komawa ne ga abu ɗaya, abin da kamfanin da ya ƙera ya rubuta shi ke gaba. In ɗan littafin bai zo da shi ba tunda na hannu ne, ka leƙa baya ko ƙarƙashi akwai ɗan faranti mai suna da lamba, ka nemi lambar a intanet littafin zai fito.

Ni dai a gidan Bahaushe ba na yin ƙasa da santi 50 a gaba, gefe 30. Dalili, iccenmu ba yankakke ba ne daidai wa daida kamar nasu, mai faskare ya ba ka wani dogo wani karkatacce, ka buɗe ƙofa ka ƙara icce guntu ya mirgino, kuma mu a ƙasa muke zama, ga tabarmar roba ga kafet ga yara ga zanin tsohuwa. In ma za ka ji tawa ka yi shi 60 cif, don karon 60 da 60 ya cika kasuwa, layi ɗaya ya gama maka ba yanka ba ɓarna, ko na 30 layi biyu. Wanda ya ce sai 50 shi ne zai ƙare da siririn yanki a baki mai saurin ɓallewa.

Kafin a taɓa guduma ka san mi ke ƙarƙashin daɓen. Galibin gidajenmu siminti ne bisa ƙasa, wannan ba shi da matsala, ba abin da zai kama. Amma ka tambayi wanda ya san ginin ko ka bi da ido daga makunnin fitila da wurin jona kaya ka gani ko tiyon wayar lantarki bai ratsa ta nan ba, don masu wuta da yawa suna bi ta cikin daɓe da tiyon roba saboda ya fi musu gajarta, haka tiyon ruwa. In akwai a kauda shi. In kuma anka shimfiɗa ledar ƙasa ko wannan katakon roba na yayi, a yanke shi gaba ɗaya daga wurin, kada wani ya ce maka a ɗora siminti bisa kai ya rufe.

Sai maganar tsawo, kuma nan ne nake so ka zauna ka yi tunani da kanka kada ka bar wa maso, wato magini, shi kaɗai. Ana iya yin dandamalin ya tashi sama ana iya yinshi daidai da daɓen falo. Mai tashi ya fi sauƙin yi kuma yana da kyau a ido, yana kuma nuna wa yaro iyaka, amma gidan da ke da tsohuwa da dare in an ɗauke wuta, tudun santi 4 ko 5 shi ne mafi mugunta don ido ba ya ganinshi ƙafa kuma na tuntuɓe. Ko dai ya tashi sosai kamar santi 15 zuwa 20 kowa ya san matakala ce, ko ya kwanta lif. Abin da zai yanke maka hukunci shi ne ƙasan ramin bangon. So nake saman karon da ka gama ya zo daidai da ƙasan da akwatin ke zaune a kai, ko ya ɗan yi ƙasa kaɗan, kada ya fi shi tsawo ko da santi ɗaya. In ya fi shi ka kulle akwatin kenan, ranar da za a jawo shi a share bututu sai an fasa karo, sannan ƙofa na iya gogar ƙasa, aljihun toka ya ƙi fitowa, kuma da yawansu ta ƙasa suke shan iska. Ka lissafa kaurin karo wajen santi 1, kol ɗin da za a liƙa shi da shi rabin santi, sai ka rage wannan daga tsawon simintin da za a zuba. Ka ja layi da nibo, ma'aunin daidaito na magina, a bango ka sa alama da fensir kafin a kwaɓa komai.

Haɗin tsohon dandamali da sabo, wannan shi ne inda na fi ganin karo ya tsage. Tsohon ya daɗe da zama ya gama motsinshi, sabon kuma zai tsuke yayin da yake bushewa, in ka ɗora karo ɗaya ya hau rabi nan rabi can, ba da daɗewa ba za ka ga siririn layi ya ratsa shi daidai bisa mahaɗin. Tunda tsohon santi 30 ne kawai, ni da zan fasa samanshi in sassaƙe in zuba sabon beto, wato kankare, guda ɗaya ya rufe duka, da ragar ƙarfe a tsakiya. In ba ka son fasawa to a huda gefen tsohon a cusa guntayen rodi na 8 ko na 10 su shiga cikin sabon, sannan lokacin jera karo a tabbata layin juwan, wato tsagar da ake bari tsakanin karo da karo, ya faɗa daidai kan mahaɗin. Kuma duk inda kunkunniya ta taɓa a kankare ta har sai an ga siminti mai tsabta, don maiƙo gare ta, ba abin da ke kama ta, wankewa da omo kaɗai ba ya isa sai an sa burushin ƙarfe ko an sassaƙe.

Kwaɓin ba wani sabon abu ba ne, wanda muke kira na 350, wato kilo 350 na siminti a kowace kubik mita, buhu ɗaya na siminti, burweti (baro) ɗaya na yashi, biyu na tsakuwa. Siminti na Malbaza ko wanda ke shigowa ta Ɗan Isa duk ɗaya ne a wanga aiki in dai bai sha iska ya yi dunƙule ba. Yashi ne abin lura, a samo mai kaushi na gulbi, kada a kwaso rairan bakin titi mai ƙura. In kana shakka ka zuba shi cikin kwalba rabi ka cika da ruwa ka girgiza ka aje, in laka mai kauri ta kwanta a sama to a wanke shi ko a canza. Kauri kada ya gaza santi 8 zuwa 10 in kan ƙasa za a zuba. To kuma ga wahalar lokaci, mutum ba ya tuna murhu sai sanyi ya shigo, lokacin kuma iskar hunturu ke shanye ruwan siminti kafin ya yi ƙarfi. A rufe da jiƙaƙƙen buhu ana yayyafa ruwa safe da yamma mako guda, daga nan a bar shi. Beto sai kwana 28 yake kai ƙarfin da ake lissafa mishi, kuma gwargwadon jiran da ka yi gwargwadon tsukewar da zai gama kafin karo ya hau. Na san za a ce maka kwana uku ya isa. A bandaki mai yiwuwa a tsira, a gaban wuta ban yarda ba.

Yanzu karo. In ka shiga wurin masu sayarwa za su nuna maka iri biyu da sunka yi kama a fuska. Akwai fayans, wanda ake sa wa bangon bandaki da madafa, mara nauyi, bayanshi na shan ruwa sama da kashi 10 cikin ɗari, wannan ba na ƙasa ba ne sam, icce ɗaya ya faɗo ya tsage. Akwai gires seram, wanda anka gasa a zafi wajen digiri 1200, shan ruwanshi bai wuce rabin kashi ɗaya ba, shi nake nufi. Gwajin ba wuya, ka juya karon ka ɗiga ruwa a bayanshi, in ya tsotse nan take ka aje, in ya tsaya ya yi ɗigo ka ɗauka. Abin da anka gasa a 1200 zafin gaban murhu ba zai yi mishi komai ba. Kada ka ɗauki mai sheƙi kamar madubi, toka na karce shi kuma yana da santsi, fari ma zai ba matan gida aiki kullum. Mai ɗan kaushi, launin ƙasa ko toka. Ka saya da rara kamar kashi 10 kuma ka duba lambar kwali ta zama ɗaya don launi na bambanta daga gashi zuwa gashi, ka ɓoye biyu ko uku a sito. Mabul kuma kyau ne da shi amma yana shan tabo, ban ba ka shawara ba.

Abin liƙawa ya fi karon muhimmanci. Yawancin masu karo a garin nan sun saba da tsohuwar hanya, a shimfiɗa kwaɓin yashi a zuba ruwan siminti tsura a ɗora karo a bubbuga. Da karo mai shan ruwa hanyar na aiki, shi ya sa sunka yarda da ita. Gires seram ba ya shan ruwa, simintin ba ya samun inda zai kama, ga zafi da sanyi suna ta juya shi, shekara ɗaya biyu ka ƙwanƙwasa ka ji yana ƙara kamar ganga. Kol na buhu za ka nema, na gari wanda ake kwaɓawa da ruwa, ka karanta jikin buhun da kanka, C2 kake so, in ka samu mai C2 S1 ya fi don S1 ɗin na nufin yana ɗan miƙewa ba ya tsagewa da motsi. C1 shi ne na talaka-talaka, na ɗaki. Wanda ke zuwa a bokiti a kwaɓe kamar man shafawa kuwa kada ya kusanci wurin, zafi na sa shi laushi. A shafa da cokali mai haƙora na mili 8 ko 10, a shafa a ƙasa a kuma shafa siriri a bayan karon, layukan su bi gefe ɗaya, a danna a ɗan murza. Ba na son aikin ɗigo biyar, ɗaya a kowace kusurwa ɗaya a tsakiya, don ramin da ya rage a ƙasa nan ne zai fashe ranar da ake tura akwatin, ƙarfen nan na iya wuce kilo 100. Ka ce a ɗaga karon farko ka gani da idonka ko kol ya rufe bayan duka. Kuma a kwaɓa kaɗan kaɗan, a takarda suna ba da minti 20 bayan an shafa, na mai alamar E minti 30, amma da iskarmu ta Disamba kafin nan ya yi fata, in ka taɓa bai manne a yatsa ba a kankare a sake.

Tsakanin karo da karo a bar mili 3 zuwa 5 da ƴan gicciyen roba, kada a matse su wai don ya yi kyau. Tsakanin karo da ƙarfen akwatin kuma, da tsakaninshi da bango, a bar aƙalla mili 5 kuma kada a cika da siminti. Ƙarfe mai tsawon mita ɗaya yana ƙara sama da mili ɗaya duk digiri 100, in wuta ta kama sosai ya kai 300 ka ga ya wuce mili 3 kenan, in bai samu wuri ba karon zai tura. Ana cika wurin da silikon na zafi, ja ko baƙi, a jikinshi za ka ga an rubuta digiri 300 ko kusa, ko da igiyar gilashi irin wadda ke zagaye da ƙofar. Bakin dandamalin na gaba a sa mishi ƙarfen kusurwa, ya fi na roba.

Cikin ramin kanshi ba a sa karo, ko ƙarƙashin akwatin. Simintin gini na fara rasa ƙarfi in zafi ya wuce digiri 300, kol kuma tun kafin nan. In ƙasan ramin na buƙatar gyara ana yi da birkin wuta da simintin wuta, in ba ka samu a Maradi ba sai an aika Yamai ko Kano, ko ka je wurin masu gina tandar burodi, su sun san jan birki gasasshe da kwaɓin laka, kuma a wurin da wuta ke taɓawa laka ta fi siminti daɗewa, masu murhun Albarka ma da ita suke yi.

Ba ka tambayi bututu ba amma ba zan yi shiru ba don shi ke kashe mutane. Kada a tura akwatin a rami kawai a ce hayaƙi zai nemi hanya. Dole a jona mishi bututun ƙarfe mara tsatsa daga bakinshi har sama, mai faɗi daidai da nashi, galibi santi 15 zuwa 20, kada mai walda ya rage shi don ya dace da tiyon da yake da shi. A ƙa'idar Faransa bakin bututun na wuce ƙololuwar rufi da santi 40. A duba inda ya ratsa filafo (silin) da katakon rufi kada ya taɓa su. Kuma mu wata goma ba ma hura shi, a cikin wata goman nan tsuntsu ya yi sheƙa zanzaro ya yi gini ƙura ta cika, saboda haka duk shekara kafin wutar farko a hau a duba a share, a sa mishi hula mai raga. Falon kuma ya samu inda iska ke shigowa, don mu da sanyi ya zo har ƙasan ƙofa muke toshewa da tsumma, iskar da ke fita daga wutar da ba ta samu iska ba kuwa ba ta da wari ba ta da launi, mutum ciwon kai yake ji da kasala ya kwanta. Ka ce yayanka ya haɗo maka da ƴar na'urar da ke kuka in ta ji wannan iskar, da batir take aiki, a rataye ta a falon.

Bayan an cika juwan a ba shi mako guda ko fiye, sannan wutar farko ƙarama da ƴan ƙirare, gobe a ƙara kaɗan, haka har kwana uku huɗu kafin a cika shi. In za a tura akwatin a shimfiɗa katako ko kwali mai kauri bisa karon kada a ja shi tsirara. Icce busasshe kawai, wanda ya shekara, ɗanyen bedi (dogon yaro) da anka sare jiya kwalta zai tara maka a bututu kuma ita ce ke kamawa da wuta. Ba leda, ba fetur, ba katako mai fenti. Gawayin dutsen nan na Cirozerin da ake sayarwa don girki ma kada a zuba, akwatin icce ba don shi anka ƙera shi ba sai in littafin ya ce yana ɗauka. Gilashin ƙofar in ya taɓa fashewa kada a yanko na taga, nashi na daban ne mai jure wajen digiri 700.

Ka auna mini abu uku ka turo, daga ƙasan ramin zuwa daɓen falo santi nawa ne, faɗin ƙofar akwatin, da kuma tazarar da ke tsakanin ƙasan ƙofar da ƙasan akwatin, sai in gaya maka ko mai tashi ya fi dacewa da kai ko mai kwanciya, da yawan kwalin karo da buhun kol da za ka saya.